Kilomita Huɗu Tsakanin Fili da Tasha

Jama'a, yau babu doguwar gaisuwa. Masu aiko min saƙo suna cewa na yi sati biyu shiru na bar su a rataye, ku yi haƙuri, abin ne ya fi ƙarfin bakina. Wanda yau ya fara karanta ni, sunana Baturiya, tela ce ni a Gazawa, shekarata ashirin da biyar, kuma ban da hasken fatar da ya jawo min sunan babu abin da ya haɗa ni da Turai. Ubana shi ne Alhaji Tahiru, Sarkin Tasha. Wanda nake so sunansa Isaka, mai tsaron raga ne. Ranar Asabar ɗin da ta wuce na kashe maganar aurenmu da hannuna, kuma har yanzu shi bai san ni ce ba.

Isaka ɗan Gidan Sori ne, can yamma da Maradi. Shekara biyu ke nan da ya zo Gazawa koyon walda wurin kawunsa, 'yan ƙwallon garinmu suka ga tsawonsa da faɗin tafin hannunsa suka tura shi raga. Ni kuwa wando ne ya haɗa mu. Ya kawo min wandon wasansa ya yage a gwiwa, na ɗinke. Ya sake kawowa, na sake ɗinkewa. A karo na huɗu na ɗaga wandon na duba da kyau, sai na ga yankan almakashi ne, miƙaƙƙe tsaf.

Na ce, "Malam, in magana gare ka ka yi ta, ka bar wa wando lafiya."

Ya sunkuyar da kai yana dariya, ƙato guda har kunnuwansa suna rawa. To daga nan ne.

Baba ba ya son ƙwallo ko kaɗan. Cewa yake ƙato da gemu ya bi fata cikin rana, wannan ba aiki ba ne, jarrabawa ce. Amma Baba bai taɓa cewa zai yi min dole ba, ba halinsa ba ne. Mai matsa min ita ce Gwaggo Zulai, ƙanwarsa, wadda in ta shigo gidanmu ba ta ƙarasa sallama sai ta lissafa min sa'o'ina da suka yi aure, da masu goyo na biyu. Da manyan Isaka suka aiko neman izini, Baba ya kira ni gaban Inna, ya gyara zama a kan buzunsa.

"Baturiya, wata ɗaya nake so. Ba zance, ba waya, ba saƙo. Ina so in ga yaron nan da idona, ba da idon ɗiyata ba. An ce suna da wasan ƙarshe na kofi a ƙarshen wata. Zan je."

Inna ta ce, "Kai, Alhaji? Filin ƙwallo?"

"Ba ƙwallo zan je kallo ba, ban san kanta ba. Mutum goma sun ba shi amanar ƙofa. Zan je in ga ko yana tsayawa inda ya ce zai tsaya. In na ga haka, na ba shi. Kin yi min alkawarin wata ɗayan?"

Na ce, "Na yi alkawari, Baba."

Ku fahimci Baba. Shekara talatin yana raba rigimar direbobi, kuma ba da komai yake raba ta ba sai da maganarsa. In ya ce layin wane ne, to na wane ne. Mutum ne mai son a cika lokaci, abin dariya, shi da motocinsa ba su taɓa tashi ba sai sun cika. Cikin 'ya'yansa shida ni ce wadda yake cewa, "Wannan in ta ce fari, ba na dubawa." Kwana tara na riƙe alkawarin. Ran na goma na goge sunan Isaka a wayata, na mayar da lambar "Juwairiyya Leshi", muka ci gaba daga inda muka tsaya. Kada wanda ya yi min wa'azi, na riga na yi wa kaina wanda ya fi naku zafi.

Yanzu bari in gaya muku yadda filin yake, don a nan abin ya ƙulle. Da can a bayan lakol, wato makarantar boko, ake wasa, taku kaɗan daga tasha, mutum ya sauka daga mota yana jin usur. Ruwa ya ci gefen filin ya zama kwazazzabo, sai matasa suka share wani sabo a yamma da gari, a bakin kwalta, kilomita huɗu daga tasha. Duk motar da ta fito daga Maradi ta gabansa take wucewa kafin ta shigo gari. Isaka kullum mita yake a kan nisan. In ya dawo daga gidan kallo sai ya aiko min saƙon murya:

"Batu, kin ga na Turai? Jirgin ƙasa har gindin filin yake kai su, mutum ya fito daga jirgi ya hau bene ya zauna. Mu kuwa an kai mana fili inda ko jaki sai ya tsaya ya yi shawara. An ce jirgi na tahowa Maradi daga Kano. In ya iso ki roƙi Baba ya sa a yi mishi tasha a bayan ragata."

In ce masa, "In ya iso jikokinka za su hau."

Sai kuma dokar Baba. A daminar bara wata Hiyas ta tsaya daidai kwanar filin tana sauke 'yan kallo, babbar mota ta taho daga baya ta share gefenta, wata tsohuwa ta karye a ƙugu, ba ta ƙara takawa ba. Baba ya tara 'yan sandika, ƙungiyar direbobi, gaba ɗaya ya ce daga yau duk wanda ya tsaya tsakanin fili da tasha, ko don ya sauke allura, an cire shi daga layi wata guda. Ya ce, "Sai dai in ni na ce a tsaya." Tun ranar babu wanda ya ƙara taka birki a wurin.

Sati guda kafin wasan, Isaka ya tafi gida. Mahaifinsa ya tsufa, waken gonarsu ya bushe yana fashewa, aka sa gayyar roro ranar Juma'a. Wanda ya san ƙauye ya san ba ka tara mutane a gonar ubanka, su sunkuya suna yi maka aiki, kai ka rataya jaka ka ce kana da ƙwallo. Dole ya kai har a ɗaure buhu na ƙarshe. Muka zauna a waya muka yi lissafi, ni da nake jin kaina ɗiyar tasha. Na ce in ya fito bayan asuba, babur zuwa Tibiri, taksi zuwa Maradi, ya tsallaka gari zuwa inda motocin gabas ke lodi, kafin azahar yana Gazawa har ya yi wanka ya huta. Wasa sai huɗu da rabi. Arbit, alƙalin wasa, yana kiran suna da kati ƙarfe huɗu da kwata, wanda bai amsa ba an ja layi a kan sunansa, ko benci ba zai zauna ba. Na ce masa lokaci har ya yi yawa.

Ranar Asabar Baba ya fito cikin shaddar nan ruwan toka da na ɗinka masa da sallah, wadda ya ce aikin wuyanta ya yi yawa bai taɓa sakawa ba. Ya kafa hula, ya fesa turare har akuya ta yi atishawa.

Inna ta ce, "Alhaji, ɗaurin aure za ka ko kallon masu bin fata?"

Ya ce, "Ke dai ki ajiye min fura."

Ƙarfe uku ya bar gida. Ni ina ɗaki a kan keke, atamfar wata amarya a gabana, wayar a cinyata ƙarƙashin ƙyalle. Tun safe saƙonnin "Juwairiyya Leshi" ke shigowa.

"Na fito. Inna ta yi min addu'a, ta ba ni ƙuli-ƙuli in kawo miki."

"Ina tashar Maradi. Mu shida ne, sai mun kai sha tara."

"Mu sha ɗaya. Mutum biyu sun gaji sun sauka, mun koma tara."

"Saura mutum ɗaya, Batu. Ji nake kamar in fita titi in ɗauko wani a kafaɗa."

Sai ƙarfe ɗaya da rabi suka tashi. A Cadawa aka tsaya sauke buhuna daga saman mota, aka kwance igiya gaba ɗaya saboda buhun da ake nema yana ƙasa. Gaba kaɗan jandarma suka tsayar da su duba katin kowa. A Agie wani fasinja ya tafi sayen nama aka yi ta yi masa oda. Uku da minti talatin da biyar ya rubuto, "Mun bar Agie." Na duba hannun rigar amarya na ga na ɗinka shi a baibai.

Ƙarfe huɗu daidai wayar ta yi rawa. Kira ne, ba saƙo ba. Na tura ƙofa da ƙafa na ɗauka.

"Baturiya, saurare ni da kyau, batirina ya kusa mutuwa. Minti biyar mu kai fili. Na roƙi direba ya sauke ni, ya ce ko uwarsa ce a motar ba zai tsaya ba sai Sarki ya ce."

"Wane direba ne?"

"Wani dattijo mai furfura, Cindo suke ce mishi."

Baba Cindo. Shekara ashirin yana tare da Baba, a gaban motarsa na koyi ƙirga. In duniya za ta taru a kansa ba zai karya dokar Baba ba.

Na ce, "Ka kira mai horar da ku mana."

"An karɓe wayoyin kowa an zuba a jaka, haka ake yi kafin wasa. Na kira sau bakwai. Batu, ki kira Baba. Kalma ɗaya zai faɗa wa dattijon nan. Ni ba ni da lambarsa, kuma ko ina da ita, da wane baki? Don Allah."

Na ce, "To."

Wallahi na ce to. Na nemo "Babana" a waya, sunan ya fito, yatsana yana sama da shi. Sai na ji muryarsa a kunnena tun kafin in danna: "Ke ya aka yi kika san inda yake?" Na gan shi zaune cikin manyan gari da shaddar da na ɗinka, yana riƙe da waya, yana gane cewa kwana ashirin ina kallon idonsa ina kawo masa ruwan alwala da ƙarya a bakina. Sai na fara lissafi, irin lissafin da matsoraci ke yi don ya samu hanyar gudu. Za su wuce fili huɗu da minti biyar. Su kai tasha huɗu da minti goma. Ya haye kabu-kabu, minti biyar ya dawo. Huɗu da kwata cif. Zai kai. Ai zai kai. Me zai sa in tona wa kaina asiri a kan abin da babur zai gyara?

Ban danna ba. Na koma wurin saƙo na rubuta masa: "Layin Baba ba ya shiga, rezo ya ƙi. Ka sauka tasha ka hau kabu-kabu, za ka kai."

Na tura. Wannan ita ce ƙaryata ta farko a ranar.

Bayan minti uku saƙon murya ya shigo. Har yanzu yana cikin wayata, na kasa gogewa. Ana jin kukan inji, ana jin kalangu da ihun mutane daga nesa suna matsowa.

"Ga filin nan, Batu. Ga shi nan, ina ganin raga. Ga rumfar manya can. Baba Cindo, don girman Allah, ko rage gudu ka yi in dira. Baba Cindo! Baba..." Sai kiɗan ya fara yin baya. Ana jin numfashinsa. Sannan a hankali ya ce, "Mun wuce."

Daga nan wayarsa ta mutu.

Abin da na manta, ni ɗiyar Sarkin Tasha, ni mai lissafi, shi ne wannan: ranar wasan ƙarshe babu ɗan kabu-kabu ko ɗaya a tasha. Duk suna fili. Tun azahar nake jin su suna wucewa ta bayan gidanmu a jere, suna oda, sun ɗaura tutoci. Da kunnena na ji su. Isaka ya sauka a tasha ya tarar da inuwar da suke fakewa wayam, sai mai shayi da kwanukansa. Ya ɗora jaka a ka ya kama gudu.

Sauran a bidiyo na gani, don kafin magariba ya zagaye wayoyin Gazawa. Ga shi nan ya shigo fili ba takalmi, silifas ɗinsa sun tsinke a hanya, rigarsa ta jiƙe sharkaf ta manne a bayansa. An yi minti goma da fara wasa. Da aka tafi hutu ya durƙusa gaban arbit yana nuna katinsa, arbit yana girgiza kai yana nuna masa takarda. Bai bar wurin ba. Ya koma bayan raga ya tsaya har aka tashi, yana yi wa wanda aka sa a madadinsa ihu, dama, hagu, fito, koma. An ci mu uku da ɗaya. A bidiyon ana jin wani yana cewa, "Ga golan da ya sayar da mu," mutane suna dariya. Sau nawa na kalla, ban sani ba. Na kife kaina a kan keken ɗinki na yi kuka har atamfar mutane ta jiƙe.

Bayan magariba Baba ya dawo. Ya cire hula ya ajiye, Inna ta kawo tuwo da miyar kuka, ya ci loma uku ya wanke hannu. Ko furar da ya ce a ajiye bai taɓa ba.

"Kira min Baturiya."

Na zo na durƙusa a bakin tabarma. Inna tana gefe tana tsince shinkafar gobe, hannunta ya tsaya.

Ya ce, "Yaron ya zo ya gaishe ni bayan wasa. Yana da ladabi, wannan ban hana shi ba. Na tambaye shi abin da ya tsare shi. Ya ce laifinsa ne, bai fito da wuri ba. Na biya tasha, Cindo ya tare ni. Ya ce wani yaro ya yi ta roƙonsa ya tsaya a fili, shi kuma ya ƙi saboda dokata. Na ce ya kyauta. Sai ya ce kamar ya ji yaron yana waya yana ambaton sunanki, amma motar da hayaniya, ba zai rantse ba. Na sa aka nemo min yaron na tambaye shi. Ya ce a'a, bai kira kowa a gidana ba."

Ya ɗago ya dube ni.

"Ke nake tambaya, don ke ba na duba maganarki. Ya kira ki?"

Jama'a, ga ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya ce nima aka nema a wurina, karo na biyu a yini ɗaya. Na dubi aikin wuyan shaddar, zaren da na yi kwana huɗu ina bi.

Na ce, "A'a, Baba. Bai kira ni ba."

Baba ya sauke ajiyar zuciya. Har murmushi ya yi, kuma murmushin nan ya fi min mari ciwo.

"Alhamdu lillahi. Na san ɗiyata." Ya ɗauki carbinsa. "To ki saurara. Makara ba ita ta dame ni ba. Ni na san mota, na san sai ta cika, na san gayya ba a barinta. Da a ce ya kira ki, ke kin kira ni, wallahi da ban ga laifin kowa ba. Da na yafe alkawarin, da na ce wa Cindo ya tsaya. Ina zaune da waya a hannu, ina kallon ragar nan babu shi, ina cewa yanzu wani zai kira. Mutumin da ya damu ya isa inda aka ba shi amana, babu ƙofar da ba zai buga ba, ko da za a zage shi. Wannan yana da lambar ɗiyar Sarkin Tasha a aljihu, motar tana wuce filin, ya zauna yana jin kunya. Gobe in ke ce a kwance kina naƙuda, haka zai zauna. Ba zan ba shi ba, Baturiya. Gobe zan aika wa manyansa."

Na buɗe baki. Na rantse muku na buɗe. Amma yanzu ba ƙarya ɗaya zan warware ba, uku ne, tawa biyu da tasa ɗaya, kuma ta ƙarshen ko minti biyu ba ta yi da fita daga bakina ba. Baba ya miƙe ya ɗauki buta, lokacin isha ya yi. Inna ta dube ni, irin kallon da ya nuna min ita ta sani, sannan ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Na shiga ɗaki na tarar wayar tana haske. Ya samu inda ya sa caji.

"Batu, kada ki damu, na ce wa Baba ban kira ki ba. Asirinki a rufe yake. Ba laifinki ba ne, rezo ne, kin yi iya ƙoƙarinki, Allah ya saka. Ƙuli-ƙulinki yana wurina, ya ɗan farfashe da gudu. Mi Baba ya ce?"

Yau kwana shida ke nan. Manzon Baba ya je Gidan Sori ya dawo. Isaka kullum da safe sai ya turo, "Kina lafiya?" yana ganin alamar na karanta. Ina rubutawa ina gogewa. Ku da ban san fuskokinku ba, ku ne na farko da na iya gaya wa cewa layin Baba lafiyarsa ƙalau a ranar, ni ce ban danna ba.